Shin Mormon Sun Yarda Allah Ya Yi wa Waɗanda Ba Nasu Ba Ilhama? Tambayoyi da Amsoshi

Mabiya addinin da aka fi sani da Mormon ba baƙi ba ne a Najeriya da Gana. Mazaunin Abuja ko Legas ko Akara da wuya a ce bai taɓa cin karo da samarinsu ba, suna tafiya bibbiyu cikin fararen riguna, da ɗan baƙin allon suna a ƙirji. Abin da kan ba Musulmi mamaki idan hira ta haɗa su shi ne jin sun ambaci Annabi Muhammadu (SAW) da girmamawa, har su ce Allah ya ba shi haske. Kirista ma yakan ji suna yabon Martin Luther, Bajamushen da ya jagoranci gyaran coci, alhali ba sa cikin cocinsa. Me suke nufi da wannan yabo, kuma a ina ya tsaya? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi tasowa.

Su wane ne Mormon ɗin tukuna?

Sunan cocinsu na hukuma, idan aka mayar da shi Hausa, shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Ƙarshen Zamani. Joseph Smith ne ya kafa shi ranar 6 ga Afrilu, 1830, a jihar New York ta Amurka. Bayan an kashe Smith a 1844, Brigham Young ya ja mafi yawan mabiyan zuwa yamma, suka isa inda birnin Salt Lake yake a yau cikin 1847, kuma can ce hedikwatarsu har yanzu. Yawansu a duniya ya haura miliyan 17. A 2018 shugabansu na lokacin, Russell M. Nelson, ya roƙi a daina kiransu Mormon, a riƙa amfani da cikakken sunan cocin. An bar gajeren sunan a nan ne kawai don shi jama'a suka sani.

Me ya sa wannan tambaya ta fi nauyi a kansu fiye da sauran addinai?

Domin addininsu kansa a kan wahayin mutum ɗaya ya tsaya. Smith ya ce a 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga kurmi yin addu'a, Allah Uba da Yesu suka bayyana gare shi. Ya ce a 1823 wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa allunan zinariya, waɗanda daga cikinsu ya fassaro Littafin Mormon. Babban abin da suke wa'azi a kai shi ne sama ba ta rufe ba, Allah yana magana da mutane yau kamar yadda ya yi a dā.

Musulmi yana da amsa a shirye ga duk wanda ya zo da da'awar annabci: an rufe wannan ƙofa da Annabi Muhammadu (SAW). Kiristoci da yawa ma suna cewa Littafi Mai Tsarki ya cika, ba ƙari. Ɗan Mormon ba shi da wannan mafita. Idan wani ya ce ya ga mala'ika, ba zai iya ce masa zamanin ganin mala'iku ya wuce ba, tunda da bakinsa ya ce bai wuce ba. Dole ya samo wata hanyar tantancewa, kuma daga wannan dole ne duk koyarwarsu a kan batun ta fito.

A taƙaice, amsarsu e ce ko a'a?

E a kan haske, a'a a kan iko. Sun yarda Allah ya haskaka zukatan mutane masu yawa a wajen cocinsu, ya ba su gaskiya ta ainihi, wani lokaci har da mafarki ko wahayi. Amma ikon yin baftisma da ɗaura alkawari da sunan Allah, da ikon karɓar umarni domin dukan duniya, sun ce a cocinsu kaɗai yake. Wanda ya riƙe rabi ɗaya na wannan amsa ya saki ɗayan, bai fahimce su ba.

Daga ina suka samo cewa Allah yana magana da kowace al'umma?

Daga nassoshinsu. A Littafin Mormon, littafin Alma sura 29 aya 8, an ce Ubangiji yana ba kowace al'umma masu koyarwa daga cikinta, da harshenta, su koyar da maganarsa gwargwadon abin da ya ga ya dace su samu. A littafin Nephi na biyu, sura 29, an zargi masu cewa Littafi Mai Tsarki ɗaya ya ishe su, aka ce Allah zai yi magana da dukan al'umman duniya, su kuma za su rubuta. Littafin Moroni sura 7 ya ce an ba kowane mutum Ruhun Almasihu don ya bambance nagarta da mugunta, kuma duk abin da ke kira zuwa ga aikin alheri daga Allah yake.

Musulmi da ya ji ayar Alma ba zai rasa tuno aya ta 4 ta Suratu Ibrahim ba, inda Allah ya ce bai aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa. Kamannin a fili yake, amma akwai bambanci mai muhimmanci. A Musulunci waɗannan manzanni ne na gaskiya, da saƙo ɗaya na tauhidi. A koyarwar Mormon, kalmar "gwargwado" ce ke ɗauke da nauyin ayar: kowace al'umma ta sami kaso, cikakken rabon kuma yana wuri ɗaya.

Smith kansa ya faɗa a wani wa'azi a Yulin 1843 cewa ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan addininsa shi ne karɓar gaskiya ko daga ina ta fito.

Me shugabanninsu suka faɗa game da Annabi Muhammadu (SAW)?

Nan ne maganar ta fi tsawo, kuma ta daɗe fiye da yadda mutane ke zato.

A Maris na 1841 majalisar birnin Nauvoo, garin da suka gina a jihar Illinois, ta kafa dokar 'yancin addini da ta lissafo ɗariƙun Kirista ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ambaci Musulmi da suna a cikin waɗanda ke da cikakken 'yanci a garin. A Satumban 1855, manyan shugabanninsu biyu, George A. Smith da Parley P. Pratt, sun yi doguwar huɗuba a birnin Salt Lake a kan tarihin Musulunci. George A. Smith ya ce Annabi (SAW) zuriyar Annabi Ibrahim ne, kuma babu shakka Allah ne ya tashe shi musamman don yaƙar bautar gumaka. Pratt ya yabi ɗabi'un Musulmi, har ya fifita su a wasu fannoni a kan na ƙasashen Kirista na zamaninsa. A Amurka ta wancan lokaci, ba kowane mai wa'azi ne zai hau mumbari ya faɗi haka ba.

Maganar da ta fi kowace nauyi ita ce sanarwar 15 ga Fabrairu, 1978. Shugaban cocin, Spencer W. Kimball, da mataimakansa biyu, N. Eldon Tanner da Marion G. Romney, suka sa mata hannu. A tsarinsu, abin da waɗannan mutum uku suka fitar tare shi ne matsayin coci, ba ra'ayin wani malami ba. Sanarwar ta ce manyan jagororin addini na duniya, irin su Muhammadu da Confucius, malamin hikima na ƙasar Sin, da masu gyaran coci, da masana falsafa irin su Socrates da Plato, sun sami wani kaso na hasken Allah. Ta ce Allah ne ya ba su gaskiyar da ta shafi kyawawan ɗabi'u domin su haskaka al'ummai sukutum.

Daga baya abin ya wuce magana. Jami'arsu ta Brigham Young ta ɗauki nauyin fassara tsofaffin littattafan malaman Musulunci daga Larabci zuwa Turanci, aka fara da Tahafutul Falasifa na Imam Gazali a 1997. A farkon 2022 kuma cocin ya fitar da wani ɗan littafi na musamman da ke bayyana wa mabiyansa aƙidar Musulmi da rayuwarsu.

To ke nan sun yarda da annabcinsa?

A'a, ba da ma'anar da Musulmi ke nufi ba, kuma bai kamata a yaudari kai a nan ba. Sanarwar 1978 ta sa sunansa a jeri ɗaya da masana falsafar Girka, sannan ta ware annabawan Bani Isra'ila a sakin layi na dabam, ta ce su ne suka share fagen zuwan Yesu Almasihu. Ba su ɗauki Alƙur'ani a matsayin nassin da ya hau kansu ba. Sun yi imani Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi, kuma ta wurinsa kaɗai ake samun ceto. Suna kuma koyar da cewa Allah Uba yana da jiki na nama da ƙashi. Tsakanin wannan da tauhidin Musulunci akwai tazara mai nisa ƙwarai.

Ta ɓangaren Musulunci ma amsar a yanke take. Aya ta 40 ta Suratul Ahzab ta kira Annabi (SAW) cikamakin annabawa, don haka ba wani malamin Musulunci da zai karɓi annabcin Joseph Smith. Kowane ɓangare ya san inda ya tsaya, kuma hira ta fi albarka idan an faɗi haka tun farko.

Wane bambanci suke yi tsakanin "haske" da "iko"?

Suna hawa-hawa ne. A ƙasa akwai abin da suke kira Hasken Almasihu, wanda kowane ɗan Adam ke zuwa duniya da shi, Musulmi ko Bahindu ko wanda ba ya bin addini. Shi ne lamirin da ke tsawata wa mutum, kuma sun ce shi ke buɗe wa masana kimiyya da masu fasaha basira. A sama da wannan akwai ziyarar Ruhu Mai Tsarki, wanda kan sauko wa kowane mai neman gaskiya na ɗan lokaci ya shaida masa wani abu. Sai kuma baiwar Ruhu Mai Tsarki, wato zamansa tare da mutum dindindin, wadda suka ce ba ta samuwa sai bayan baftisma da ɗora hannu daga mai izini. Smith ya kafa hujja da labarin Karniliyus a Ayyukan Manzanni sura 10: mala'ika ya zo masa tun bai yi baftisma ba, amma duk da haka sai da aka aika a kira Bitrus.

Izinin nan shi suke kira ikon firist, da mabuɗansa. Sun ce ya ɓace daga duniya bayan mutuwar manzannin Yesu, aka maido shi a 1829 lokacin da Yahaya Mai Baftisma ya bayyana ga Smith da magatakardansa Oliver Cowdery, daga baya kuma Bitrus da Yakubu da Yohanna. Saboda haka a wurinsu mutum na iya zama salihi, mai hikima, har ya ga mala'ika da idonsa, amma ba shi da izinin yi wa kowa baftismar da Allah zai karɓa. Shi ya sa suke sake yi wa Kiristan da ya shigo cocinsu baftisma.

Ba Smith ne ya ce duk coci-coci sun ɓata ba? Yaya wannan ya zauna da yabon da suke yi?

Ya faɗa. A labarin wahayinsa na farko da ya rubuta a 1838, ya ce an umarce shi kada ya shiga ko ɗaya, domin duk sun kauce, kuma aƙidunsu abin ƙyama ne a wurin Allah. Sashe na farko na littafinsu na Koyarwa da Alkawura ya kira cocinsu shi kaɗai ne na gaskiya mai rai a doron ƙasa. Ba su janye waɗannan kalmomi ba, kuma sauran Kiristoci suna da dalilin jin zafinsu.

Bayanin da suke bayarwa shi ne hukuncin ya faɗa kan tsarin aƙida da rashin izini, ba kan zukatan masu bi ba. Gordon B. Hinckley, wanda ya shugabance su daga 1995 zuwa 2008, ya sha cewa mutane su zo da duk alherin da suke da shi, a gani ko za a iya ƙara musu. A ganina wannan jimla ta bayyana matsayinsu da kyau, da karamcinsa da iyakarsa: an yarda kana da alheri, amma wanda zai ƙara maka shi ne mai cikakken abu.

Su Luther da Tyndale fa? Me ya sa ake jin sunan Columbus a bakinsu?

Masu gyaran coci suna da matsayi na musamman a wurinsu. John Wycliffe, Jan Hus da aka ƙona a 1415, Martin Luther, da William Tyndale da aka kashe a 1536 bayan ya fassara Sabon Alkawari zuwa Turanci, duk ana koyar da cewa Allah ne ya motsa su. Hujjar ita ce, da ba su fitar da Littafi Mai Tsarki zuwa harshen talaka ba, da yaro ɗan manomi kamar Smith bai karanta ayar wasiƙar Yakubu da ta tura shi addu'a ba. Ana ɗaukarsu masu share hanya, ba annabawa ba.

Haka suke kallon waɗanda suka kafa Amurka. Sashe na 101 na Koyarwa da Alkawura ya ce Allah ne ya tashi masu hikima don su rubuta tsarin mulkin ƙasar. Littafin Nephi na farko, sura 13, ya yi maganar wani mutum da Ruhun Allah ya motsa ya ƙetare manyan ruwaye, kuma shugabanninsu sun daɗe suna fassara shi da Christopher Columbus. A 1877 Wilford Woodruff, wanda daga baya ya zama shugabansu na huɗu, ya ce ruhohin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin Amurka sun zo masa a haikalin St. George suna neman a yi musu ibadun haikali. Aka yi baftisma a madadinsu, tare da wasu fitattu irin su Columbus da John Wesley, wanda ya assasa ɗariƙar Methodist.

Nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai. Tafiyar Columbus ta 1492 ta buɗe ƙofar hallaka 'yan asalin nahiyar, kuma a bayanta aka yi cinikin bayi daga Afirka na ɗaruruwan shekaru. Ɗan Afirka yana da haƙƙin ya tambayi wane irin ilhama ne wannan. Amsar da 'yan cocin kan bayar ita ce Allah na iya amfani da mutum a aiki guda ba tare da ya amince da duk abin da ya aikata ba. Ko amsar ta gamsar ko ba ta gamsar ba, ta nuna cewa ilhama a wurinsu ba shaidar tsarkin hali ba ce.

Masu ganin wahayi na zamanin Smith fa, yaya ya ɗauke su?

Amurka da Ingila na wancan zamani cike suke da masu cewa sun ga wahayi, kuma ba a yi musu hukunci iri ɗaya ba.

Akwai wani dattijo, Robert Mason, a garin Simsbury na jihar Connecticut. Woodruff ya ba da labarin cewa Mason ya ga wahayi wajen 1800: gonar itatuwa ba 'ya'ya, itatuwan suka faɗi, sababbi suka tsiro suka yi 'ya'ya, ya tsinka amma bai samu ya ɗanɗana ba. Ya fassara shi da cewa cocin gaskiya zai dawo amma shi ba zai shiga ba, ya kuma gaya wa Woodruff cewa shi Woodruff zai shiga. Woodruff ya yi baftisma a ƙarshen 1833, kuma duk rayuwarsa yana kiran Mason annabi. Har yau ana karanta wannan labari a darussan cocin a matsayin wahayin gaskiya da aka yi wa wanda ba ɗan coci ba.

Akwai Emanuel Swedenborg, masani ɗan ƙasar Suwidin da ya rayu daga 1688 zuwa 1772, wanda ya ce an nuna masa lahira, ya kuma bayyana sammai uku. Smith ma a 1832 ya koyar da darajoji uku na ɗaukaka, don haka an daɗe ana kwatanta su. Edward Hunter, wanda daga baya ya zama babban bishop na cocin, ya ruwaito cewa ya tambayi Smith game da shi, Smith ya ce Swedenborg ya hango duniya mai zuwa, amma rashin abincin yau da kullum ya hallaka shi. Ruwaya ce ta tuni bayan shekaru masu yawa, ba rubutun Smith ba, sai dai ta yi daidai da tsarin: an yarda ya gani, ba a yarda yana da abin da ke ceto ba.

Wasu kuwa an ƙi su kai tsaye. 'Yan ɗariƙar Shaker sun yi imani Almasihu ya sake bayyana a jikin shugabarsu Ann Lee, sun kuma hana aure. A 1831 Smith ya aika musu wakilai a jihar Ohio da wahayin da ya zama sashe na 49, wanda ya ce Ɗan Mutum ba ya zuwa da siffar mace, kuma mai hana aure ba daga Allah yake ba. Suka ƙi saƙon. A Afrilun 1842 jaridar cocin a Nauvoo, wadda Smith ke edita, ta buga doguwar maƙala kan gwada ruhohi, ta ƙaryata masu da'awar wahayi irin su Joanna Southcott ta Ingila da Jemima Wilkinson ta Amurka da mabiyan Edward Irving.

Wanda ya jera waɗannan zai ga zaren da ya ratsa su. Mai wahayin da ya yi nisa a zamani ko a ƙasa, ko wanda wahayinsa ke nuni zuwa ga cocin, yana samun karamci. Wanda ya kafa nasa gidan a maƙwabta, yana kiran mutanen da Smith ke kira, shi ke gamuwa da tsanani.

Bayyanar Maryamu a Lourdes da Fatima, sun ce gaskiya ce?

Cocin Katolika yana da tsarin bincikar irin waɗannan, kamar yadda ya amince da na garin Lourdes a Faransa na 1858 da na garin Fatima a Portugal na 1917. Cocin Mormon ba shi da ofishin da ke zaman tantance wahayin wasu addinai. Ana barin kowane mai bi ya auna da ma'aunin Moroni sura 7: abin yana kira zuwa ga alheri da bin Almasihu, ko kuwa a'a. Sai dai addu'a ta hannun Maryamu ko waliyyai ba ta cikin koyarwarsu, don haka ba za su karɓi wannan ɓangare na saƙon ba.

Idan ɗan cocinsu ne ya ce ya ga wahayi fa?

Nan suka fi tsaurarawa, kuma tun cocin yana ɗan wata biyar aka kafa dokar. Wajen Satumban 1830 Hiram Page, ɗaya daga cikin shaidu takwas na allunan Littafin Mormon, ya fara karɓar saƙonni ta wani dutse, har Oliver Cowdery ya gaskata shi. Smith ya kawo wahayin da ya zama sashe na 28, wanda ya ce ba wanda aka naɗa ya karɓi umarni domin coci sai shi, a kuma gaya wa Page a keɓe cewa Shaiɗan ne ya ruɗe shi.

Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce kowa na iya samun wahayi a kan abin da ke ƙarƙashin kulawarsa. Uba da uwa a kan gidansu, bishop a kan ikilisiyarsa, shugaban coci kaɗai a kan dukan coci. A 1913 shugabannin ƙoli suka sake gargaɗi a rubuce cewa duk mafarki ko wahayin da ya saɓa wa koyarwar da aka kafa, ba daga Allah yake ba komai kyansa. Waɗanda suka nace suna wa'azin nasu wahayin ga jama'a, sau da yawa kora ce ƙarshensu. Confucius ya fi samun sassauci a wurinsu fiye da ɗan coci mai da'awar sabon umarni, domin Confucius bai taɓa neman kujerar annabinsu ba.

Akwai misali daga Afirka ta Yamma?

Akwai, kuma cocin na alfahari da su. Anthony Obinna malamin makaranta ne a kusa da Owerri. Ya ce a shekarun 1960 ya yi mafarki an zaga da shi cikin wani kyakkyawan gini. Lokacin yaƙin basasa, yana zaune a gida, ya buɗe wata tsohuwar mujallar Reader's Digest ya ga hoton ginin, ashe haikalin Salt Lake ne. Ya rubuta wasiƙa, ya tara jama'a, ya yi ta jira shekara da shekaru. A Gana, Joseph William Billy Johnson ya karanta Littafin Mormon a 1964, ya ce ya ji murya ta kira sunansa, ya kafa ikilisiyoyi a Cape Coast da kewaye ba tare da an yi masa baftisma ba. An yi wa Obinna baftisma a Nuwamban 1978, Johnson kuma a Disamba. Yau akwai haikali a Akara tun 2004, da wani a Aba tun 2005.

Dalilin dogon jiran ba abin ɓoyewa ba ne. Tun zamanin Brigham Young, cocin ya hana baƙar fata 'yan asalin Afirka ikon firist da manyan ibadun haikali, ba a ɗage ba sai a Yunin 1978. Wato mutanen da cocin ya yarda yau cewa Allah ya yi musu magana a mafarki, su ne ya bari a bakin ƙofa saboda launin fatarsu. Sanarwar da ta yabi jagororin sauran addinai ta riga ɗage wannan hani da wata huɗu kacal. A 2013 cocin ya fitar da bayani yana barranta daga tsofaffin hujjojin da aka riƙa kafawa, irin su cewa baƙar fata alamar la'ana ce.

Mece ce makomar waɗannan mutane a lahira, a koyarwarsu?

Ba su ce wuta ba. A Janairun 1836 Smith ya ce ya ga yayansa Alvin, wanda ya rasu a 1823 ba baftisma, a cikin ɗaukaka mafi girma, aka gaya masa duk wanda da zai karɓi bishara in ta riske shi, za a ba shi wannan gado. A 1918 shugabansu Joseph F. Smith, ɗan yayan Joseph Smith, ya ƙara da cewa ana wa'azi a duniyar ruhohi. Daga nan ne baftisma a madadin matattu ta sami gindin zama, wadda suka fara a 1840 suna kafa hujja da 1 Korantiyawa 15:29. Sun ce mamacin yana da zaɓin karɓa ko ƙi.

Wannan al'ada ta ɓata wa mutane rai. Ƙungiyoyin Yahudawa sun yi ƙorafi kan yi wa waɗanda 'yan Nazi suka kashe, aka cimma yarjejeniya a 1995 cewa za a daina, kuma umarnin cocin yanzu shi ne kowa ya gabatar da sunayen kakanninsa da danginsa kawai. Ƙorafin yana da tushe, domin abin da ɗan Mormon ke gani kyauta, dangin mamaci suna ganinsa hukunci ne cewa addinin da ya mutu a kai bai isa ba.

Ba dabarar jan mutane ba ce kawai?

Ba na jin haka ne kawai. A 1855 babu wasu Musulmi a hamadar Utah da George A. Smith zai burge. Akwai ma dalilin da ya fi kusa: maƙiyan Joseph Smith sun sha kwatanta shi da Annabin Musulunci da niyyar zagi, kuma aka tsananta wa mabiyansa, musamman kan auren mace fiye da ɗaya da suka yi a fili daga 1852 zuwa 1890. Wanda aka yi wa ƙazafi yakan gane ƙazafin da aka yi wa wani. Tushen koyarwar kuma yana cikin littafin da aka buga tun 1830.

Amma coci ne mai wa'azi, kuma bai ɓoye ba. Littafin horar da masu wa'azinsu na 2004 ya kawo taƙaitaccen bayani kan masu gyaran coci da jagororin sauran addinai, don matasan su san yadda za su yi magana da mabiyansu. Girmamawar ta gaskiya ce, fatan ka shigo ma na gaskiya ne, kuma saurayin da ya tsaya a ƙofarka yana ɗauke da duka biyun.

Duk 'yan Mormon haka suka ɗauki abin?

A'a, a cikinsu ma akwai masu faɗaɗawa da masu ƙuntatawa. Orson F. Whitney, ɗaya daga cikin manzanninsu goma sha biyu, ya faɗa a babban taron 1928 cewa Allah yana amfani da al'umma fiye da ɗaya wajen cika aikinsa, domin aikin ya fi ƙarfin mutanen coci ɗaya. B. H. Roberts, wani shugabansu kuma marubucin tarihin cocin, ma ya rubuta cewa Allah yana tashin masu hikima da annabawa nan da can a cikin 'yan Adam, kowa da harshen mutanensa. A ɗaya gefen, masu tsanani sukan jawo aya a littafin Nephi na farko, sura 14, da ta ce coci biyu ne kawai, na Ɗan Ragon Allah da na Iblis. Bruce R. McConkie, ɗaya daga cikin shugabanninsu, a littafinsa na 1958 kan aƙidar Mormon, ya danganta wancan coci na biyu da Cocin Katolika. Shugabannin lokacin ba su ji daɗin abubuwa da dama a littafin ba, aka cire wannan magana a bugu na 1966. Littafin ya daɗe a gidajen mabiya kuma ya yi tasiri sosai, amma bai taɓa zama matsayin coci na hukuma ba, an kuma daina buga shi a 2010. Sanarwar 1978 kuwa har yanzu ita littattafan koyarwarsu ke kawowa idan an zo kan wannan batu.